Malam Nu'uman Mai Koyar da Barci

A shekarar da jihar Kebbi ta cika biyu da kafuwa, lokacin ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato ba su gama samun kujerun zama a ofisoshinsu ba, aka tura Malam Nu'uman taron bita a Kaduna. Ba shi aka nufa da taron ba. Wanda aka nufa zazzaɓi ya kwantar da shi, takardar gayyatar kuma ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur har ta faɗo kan na Nu'uman, magatakarda mai kula da fayil. Taron na kwana uku ne. Ya isa ran na ukun da azahar, ana rabon shinkafa. Ya ci shinkafa, ya karɓi takardar shaida da wani ɗan littafi mai shafi huɗu a kan yadda ma'aikaci zai kwantar da hankalinsa ya samu barci mai kyau, ya juyo Birnin Kebbi.

Tun daga ranar unguwarsu ba ta sake hutawa ba. Ya sa takardar shaidar a gilashi ya rataye a zaure. In ka ce masa ina kwana, sai ya tambaye ka awa nawa ka yi, kuma ta wane gefe ka kwanta. Hodi tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidan, shi ya fi kowa shan wannan karatu.

"Hodi, kai abin da kake yi ba barci ba na, suma ta," in ji Nu'uman. "Barci ilimi na. Akwai matakai."

"To Malam, mu da munka shekara hamsin muna suma, ka bar mu mu ƙarasa hakanan," in ji Hodi, bai ko ɗaga kai daga keken ɗinki ba.

Ana nan sai ilimin ya samu inda za a gwada shi, a cikin gidan Nu'uman kansa. Mubina, babbar 'yarsa, ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, amma da sharaɗi: sai ta gyara lissafi a jarrabawar ƙarshen shekara, in ba haka ba a ba wata gurbin. Mubina ta iya lissafi. Abin da ya kayar da ita bara shi ne ta yi kwanaki ba ta runtsa ba don fargaba, ta shiga ɗakin jarrabawa lambobi na rawa a idonta. Bana ma abin ya dawo. Jarrabawa ran Litinin, ga shi yau Laraba, kuma rabonta da barcin kirki an yi mako biyu. Idanunta sun faɗa, ta daina cin abinci, ko dariya ba ta yi.

Uwarta, Balaraba, ta ce a kai ta asibiti a ji ta bakin likita.

"Likita?" in ji Nu'uman. "Ga masani cikin gida ki tahi neman likita? Mi likita ya sani game da barci? Shi da aikinshi ya hana shi yin shi?"

Ya kuma aika aka kira maƙwabcinsu Toma, bakanike ɗan ƙasar Filato mai tsohuwar akori-kura, don 'yarsa Judith ita ma lissafin za ta gyara, tare suke karatu da Mubina. Ya ce ita ma a kawo ta, kyauta, albarkacin maƙwabtaka.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarmi biyu a tsakar gida, 'yan matan suka kwanta. Toma ya zauna a benci, Hodi ya jingina da ƙofar zaure, ya ce shi kallo ya zo. Nu'uman ya fito da littafin a hannun hagu, a wuyansa kuma usur, irin na alƙalin ƙwallo.

"Malam, usur ɗin na mi ne?" in ji Balaraba.

"Na tsari. Littahi ya ce a ja numfashi a ƙirga huɗu, a riƙe, a saki. Wa zai tabbatar ba su yi ha'inci ba?"

Ya hura. Kajin gidan suka watse.

"Ku ja! Ɗaya, biyu, uku, huɗu!" Ya sake hurawa. "Ku riƙe! Judith, na ga hancinki na motsi. Ku saki! Yanzu ku saki jiki. Mubina, na ce ki saki jiki!"

"Baba, na saki."

"Ba ki saki ba! Diba kafaɗarki awa ta soja. Ki kwantar da hankalinki yanzun nan ko ranki ya ɓaci!"

Aka yi ta haka har rana ta yi sanyi. Duk sanda idon Mubina ya fara lumshewa, usur ya tashe shi. Can sai aka ji wani gurnani daga gefe. Aka waiwaya, sai ga Toma ya kifa kai a bango, baki buɗe, yana minshari kamar injin motarsa.

"Kun gani!" in ji Nu'uman, yana nuna shi da littafi. "Ilimi ya kama!"

"Ya kama, amma ya ɓata adireshi," in ji Hodi. "Shi wanga da gyaran mota ya gajiyar, ko cikin kasuwar Jega ka aje shi zai yi."

Washegari Balaraba ta tare mijinta tun bai sa takalmi ba.

"Malam, sau nawa ka leƙa ɗakin yarinyar nan jiya?"

"Bibiya ta. Dole masani ya bibiyi aikinshi."

"Sau bakwai. Kana haska mata tocila kana cewa, Mubina kin yi barci? Ta ce maka a'a, ka rubuta a takarda."

"To da ƙarya kike so ta yi mani?"

Ya buɗe shafi na biyu. Nan littafin ya ce a sha madara mai ɗumi kafin a kwanta. Nu'uman bai yarda da madarar da za a dama a gida ba, ya ce mata ba su san awo ba. Da magariba ya ɗauki fulas ya tafi teburin mai shayi na bakin tasha, ya ce a cika masa da madara mai zafi. Mai shayi ya ce shi tunda yake bai taɓa sallamar babban ma'aikaci da farar madara tsura ba, sai ka ce jariri. Nu'uman ya ji an ce babban ma'aikaci, ya gyara tsayuwa.

"To sa abin da ya dace."

Aka sa ganyen shayi. Aka ƙara garin kofi cokali uku don ya yi kauri.

"Ƙara ɗaya," in ji Nu'uman. "Rashin barcin nasu mai tsanani na, shina son magani mai ƙarhi."

'Yan matan suka sha kofi bibbiyu yana tsaye a kansu. Da gari ya waye Toma ya shigo zaure ido jawur.

"Oga, me ka ba Judith?"

"Ta yi barci ko?"

"Ta wanke kwanukan gida, ta wanke na jiya da aka riga aka wanke, ta share tsakar gida sau biyu, ta rera duk waƙoƙin coci da ta sani. Maman ta ce in tambaye ka ko akwai maganin maganin."

"Mubina kuwa ta tsince mani shinkafar wata guda," in ji Balaraba daga bayan ƙofa. "Ko tsakuwa guda babu. Ta nan dai mun gode."

"Wannan shi ake kira hitar gajiya," in ji Nu'uman. "Sai ta hita sannan barci ya samu wurin shiga. Shina cikin littahi."

"Wane shafi?" in ji Hodi, wanda ya leƙo da almakashi a hannu.

"Kai ka iya Turanci?"

"A'a."

"To shafi na biyu."

Mubina dai ta koma gefe. Ta zauna a gindin darbejiya da littafin lissafi a cinya, tana kallon layi ɗaya tun hantsi. Da Balaraba ta kawo mata kunu sai ta ga hawaye na ɗiga a kan shafin.

"Inna, abin da na iya jiya yau ban gane shi ba. Haka ya yi mani bara."

Balaraba ta je ta faɗa wa mijinta, tana zaton jikinsa zai yi sanyi. Sai ma ya ƙara ƙaimi. Ya ce matakai biyun farko share fage ne, na uku shi ne maganin. Littafi ya ce a saurari sautin ruwa mai gudu a kaset, zuciya za ta kwanta. A Kaduna ana sayar da irin kaset ɗin, amma shi ba zai sa wa 'yarsa ruwan wata ƙasa ba alhali ga gulbin Rima a bayan gari.

Ran Asabar da safe ya ari rikodar Toma, ya sa mata sababbin batira, ya hau kabu-kabu zuwa fadamar Zauro. Bai dawo ba sai bayan azahar, takalmi ɗaya a ƙafa, wando ya yi baƙi da laka har gwiwa. Balaraba ta tambaye shi ɗaya takalmin, ya ce ilimi ba ya samuwa sai da sadaukarwa.

Bai saurari kaset ɗin ba. Ya ce masani ba ya shakkar aikinsa. Ya aika a gaya wa maƙwabta duk mai ɗa ko 'ya da ke fuskantar jarrabawa ya zo bayan la'asar. Kafin lokaci zaure ya cika, mata sun taru a tsakar gida, aka ɗora rikoda a kan turmi a tsakiya.

"Kowa ya rufe ido," in ji Nu'uman. "Wanda barci ya ɗauke, kar a tashe shi."

Ya danna.

Da farko kam ruwa ne, yana gudu a hankali, har wata tsohuwa ta ce masha Allah. Sai dai lokacin shinkafa ta nuna, kuma duk wanda ya san fadama ya san abin da ake yi a irin wannan lokaci. Kwatsam sai ƙarar gwangwanayen da ake ɗaurawa a igiya don korar tsuntsaye ta ɓarke, kamar an kifar da shagon maƙeri, muryoyi na ta ihu, "Haa! Haa! Haaa!" Jaririn da ke bayan wata mata ya tsala kuka.

"Ku yi haƙuri, zai wuce," in ji Nu'uman.

Ya wuce. Sai muryar wani manomi ta fito tar.

"Kai mai rediyo! Hita mani cikin shinkafa!"

Sai muryar Nu'uman: "Bawan Allah, ka yi shiru, aikin gwamnati nike yi."

"Gwamnati ta ce ka tattake mani kunya huɗu? Kai wane ne?"

"Ni masanin barci na, daga Kaduna."

"To tahi ka yi shi gidanku!"

Aka ji gudu, aka ji haki, aka ji wani abu ya faɗa laka, ɓul. Sannan muryar Nu'uman, siririya, ba irin ta zaure ba: "Don Allah baba kama hannuna. Wallahi ba ni ƙarawa."

Nu'uman ya yi tsalle ya kashe rikoda, amma zaure ya riga ya kife. Hodi ya zame daga kan benci yana riƙe da ciki.

"Malam, a maido wurin wallahi ba ni ƙarawa, nan ne barci ya fara ɗaukata!"

"Wanga ba kaset ɗina ba na, an yi mani musanya."

"Har da muryar anka musanya?"

Mubina kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta shige ɗaki. Saura kwana biyu.

Wani mutum da nan zai tsaya. Nu'uman kuwa ya zauna da shafi na huɗu har ya gano inda kuskuren yake: kuskuren na littafin ne. Shafin ya ce mutum ya rufe ido ya ɗauka a ransa yana kwance a kan ruwa, ruwan na lilo da shi.

"Ya ɗauka a ranshi!" in ji Nu'uman ga Toma. "Ka ji maganar waɗanda ba su da gulbi. Mu mi zai sa mu ɗauka a rai? Ka taɓa ganin masuntan Argungu bisa gora? Mutum ya kwanta rub da ciki bisa ƙaton gora, ruwa na yawo da shi, ko motsi ba ya yi. Barci suke! Shi ya sa ba ka taɓa ganin masunci da hawan jini. Gobe za mu Argungu."

"Oga, gobe Lahadi, ina coci."

"In kun taso."

Balaraba ta ce 'yarta ba za ta shiga ruwa ba ko da sama za ta faɗo. Amma ta yarda a je, don ta ga yarinyar ta fita daga ɗakin nan ta sha iska, kuma a can akwai Goggo, ƙanwar mahaifin Nu'uman, mace ɗaya tilo da yake jin tsoro. Hodi ya rufe shago ya ce ko a kan taya ne sai ya je.

Da rana tsaka akori-kurar Toma ta kama hanya, maza a gaba, mata a baya a kan tabarma. Tun daga Ambursa har Argungu Nu'uman na bayani, Toma na cewa "haka ne, Oga" a duk inda ya ja numfashi.

Goggo ta saurari shirin tana ɓare gyaɗa, har ya kai aya.

"Nu'umanu."

"Na'am, Goggo."

"Kai da ko a kwatarniya anka yi maka wanka kana yaro sai an riƙe ka mutum biyu?"

"Goggo, wancan zamanin jahilci na."

"To ɗiyan mutane ba su shiga. In kana son gora, kai ka hau. Abu! Zo ka kai taubashinka gulbi, wai zai koya muku kwana bisa ruwa."

Abu, ɗan Goggo, masunci ne tun tasowarsa, kuma tsakaninsa da Nu'uman akwai wasan taubasai, don haka babu abin da ba ya faɗa masa. Ya fito yana murmushi har kunne.

"Bawana, kai ne da kanka? Ashe yau kihi zai ci abinci mai maiƙo."

"Wa ne bawanka? Kawo gora ka ga aiki."

Mashigin da suka je cike yake da jama'a. Ana sauke buhunan shinkafa daga kwale-kwale, mata na wanki, masunta na shanya homa, wato tarun hannu mai baki kamar na ƙwarya. Kafin Abu ya sauke goran daga kai, Hodi ya riga ya zaga ya sanar da kowa cewa ga masani daga Kaduna zai yi barci a kan ruwa. Masu wanki suka bar wanki. Masu buhu suka zauna a kan buhunansu.

Goran ƙato ne, mutum ba ya iya rungume shi, da baki a sama inda masunci ke jefa kifin da ya kama.

"Tuɓe riga," in ji Abu.

"Ma'aikacin gwamnati ba ya tuɓewa gaban jama'a."

"To ji nan da kyau. Cikinka shi ne murhin bakin goran, kar ka ɗaga shi. Ƙahwahunka kuma kar su daina aiki ƙarƙashin ruwa. Mu da kake gani awa muna kwance, ba kwance muke ba."

"Abu, kai kamun kihi ka sani. Ka bar wa masu ilimi ilimi."

Aka riƙe masa goran ya hau, babbar riga da hula da komai. Abu ya tura shi a hankali. Ikon Allah, sai goran ya ɗauke shi. Tumbinsa ya toshe bakin ɗam, ƙafafunsa na ta harbe-harbe don tsoro, wanda kuma shi ne daidai abin da ake bukata. Ya yi taku goma daga gaɓa bai kife ba. Jama'a suka fara tafi.

Tafin nan shi ya kashe shi.

"Jama'a ku diba da kyau!" ya ɗaga murya. "Mubina, Judith, ku matso gaba! Mataki na ɗaya, a rufe ido!"

Ya rufe.

"Mataki na biyu, a ja numfashi!"

Ya ja. Goran ya ɗan yi lilo.

"Bawana, ƙahwahu!" in ji Abu daga gaɓa.

"Mataki na uku, a huro shi waje duka, har ciki ya lafe!"

Ciki ya lafe. Bakin gora ya samu kafa.

"Mataki na huɗu, a saki jiki gaba ɗaya, tun daga yatsan ƙahwa!"

A duk kwanakin nan babu wanda ya bi umarnin Malam Nu'uman sau da ƙafa sai shi kansa, a wannan lokaci. Ya saki jiki. Ƙafafu suka tsaya. Goran ya yi tunani kaɗan, sannan ya juya kamar ana juya waina. Aka ga tafin ƙafa biyu a sama. Aka ji gora na shan ruwa, ɓul, ɓul, ɓul. Hula ta kama hanyar Birnin Kebbi ita kaɗai.

Da kan Nu'uman ya ɓullo, babbar rigar ta kumbura ta kewaye shi kamar laima.

"Wayyo Goggo! Abu! Abu, ɗan'uwana na jini!"

"Ka yi barcin?" in ji Hodi da hannu a baki. "Ko mu ƙara maka lokaci?"

"Kada! Kada ya kama ni! Shina cikin rigata!"

Abu da wani masunci sun riga sun faɗa ruwa. Ba su tsaya neman hannu ko ƙafa ba, suka zura homa ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, suka haɗe bakin, suka jawo shi gaɓa a dunƙule kamar giwan ruwa. Yana ta ihun kada har aka zazzage shi a kan yashi. Abu ya sa hannu cikin aljihun rigar ya zaro ɗan kifi, ƙurungu mai tsawon yatsa, yana ta gurnani, ƙayarsa a miƙe.

"Ga kadanka. Goggo, a soya mashi ko a yi mashi miya?"

"A bar shi ya girma," in ji Goggo. "Shi ma bai ji daɗin haɗuwar ba."

Nu'uman ya miƙe, ruwa na zuba ta kowace kafa ta rigar, ciyawa a kunne. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai atishawa ta riga shi.

A nan ne aka ji wata dariya da ba a ji ba sama da mako biyu. Mubina ce. Ta yi ƙoƙarin danne ta da mayafi, don uba uba ne, amma ta ƙi dannuwa. Ta durƙusa a kan yashi, ta riƙe Judith, Judith ta riƙe ta, suka yi ta yi har numfashi na ɗaukewa. In ta lafa sai ta ɗaga kai ta ga ciyawar da ke kunnen babanta, sai ta dawo sabuwa. Ta yi dariya har ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Balaraba ta tsaya tana kallonta, ba ta hana ta ba.

A gidan Goggo aka ba Nu'uman tsohuwar rigar Abu mai ƙarnin kifi. Mubina ta cinye tuwon shinkafa malmala biyu da miyar kifi. Da la'asar sakaliya suka hau mota.

Ba su gama fita Argungu ba Balaraba ta ƙwanƙwasa gilashin baya. Toma ya waiwaya. Mubina ta ɗora kai a cinyar uwarta, Judith ta ɗora nata a kafaɗar Mubina, dukansu sun yi nisa. Ramukan hanya ba su tashe su ba. Jiniyar wata babbar mota ba ta tashe su ba.

A Ambursa Nu'uman ya leƙa ta taga.

"Mubina, kin yi..."

"Malam," in ji Balaraba da murya ƙasa-ƙasa, "in ka ƙarasa maganar nan, a nan za mu sauke ka, da rigar Abu."

Bai ƙarasa ba.

Da aka iso gida cikin magagi aka shigar da Mubina ɗaki, ba ta farka ba sai kiran assalatu. Ta yi salla, ta karya, ta ɗauki biro da abin awo, suka tafi da Judith. Da azahar ta dawo tana tafe tana cin rake.

"Yaya?" in ji Balaraba tun daga ƙofa.

"Inna, lambobin sun tsaya wuri ɗaya. Na amsa duka, sai guda da lokaci ya ƙure mani."

Balaraba ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska da hannu biyu, ta daɗe tana hamdala.

Kafin la'asar Nu'uman ya fito zaure da sabuwar hula, yana jan hanci don mura. Maƙwabta sun taru ana ta barka.

"To, kun dai gani da idonku," ya ce. "Wasu na zaton faɗuwa na yi. Ba faɗuwa ba ta. Mataki na biyar ke nan, wanda ba a rubutawa cikin littahi, sai baki da baki ake ba manyan ɗalibai. Masani shi ke shiga ruwa, mara lahiya na kallo, fargaba ta bi ruwa. Duk da gangan na yi."

"Har ƙurungun?" in ji Hodi.

"Har ƙurungun."

"Da gangan?"

"Hodi, sau nawa zan faɗa? Ko yanzu anka ce in sake, sai in sake."

Hodi ya juya ya dubi mutanen zaure, mutanen zaure suka dube shi.

"Alhamdu lillahi. Dama abin da munka zo roƙo ke nan. Ɗana na da Turanci ran Alhamis, kwana huɗu bai runtsa ba. Riskuwa ɗan liman na da kimiyya. Ga ɗiyan Nana mai ƙosai su biyu. Mun yi magana da Toma, Laraba da hantsi za mu tashi."

"Na ma sha mai, Oga," in ji Toma.

Nu'uman ya yi tari. Ya dubi takardar shaidar da ke bango, ba ta ce komai ba.

"Ai... shi mataki na biyar sau ɗaya ake yin shi a shekara. Kuma ga mura. Kuma babbar rigar da ake yin shi da ita ta jiƙe."

Daga cikin gida muryar Balaraba ta fito, a natse.

"Ta bushe, Malam. Har na goge maka ita."